Mai haɗa humra ba hanci: kayen da nake rubuta jinyar hancina

Lahadi 22 Disamba 2024

Yau kwana 12 da murar nan ta kama ni, kwana 8 rabona da jin ƙanshi ko wari. Ƙanwata ce ta ce in riƙa rubutawa tunda kullum labari ɗaya nake maimaita mata a waya, to ga shi na fara. Ga wadda ba ta san ni ba, sana'ata haɗa turaren wuta da humra, nan Birni nake cikin Damagaram, shekara 11 ina yi, wurin Inna na gada. Kun san mai wannan sana'a hanci ne jarinta, ba kasko ba, ba kwalba ba.

Yadda na gane abin ma abin dariya ne in ba kai ya sama ba. Asabar ɗin can na buɗe kwalbar humrar da na ajiye wata biyu tana tsumuwa don wata amarya, na kai hanci, wallahi kamar na shinshina ruwan randa. Nan take raina ya ɓaci na ce mutumin Kano ya cuce ni ya aiko min madarar turare ta banza, har na ɗauko waya zan zazzaga masa masifa sai ga ɗiyata ta shigo daga lakkol tana cewa Mama wannan ƙanshin tun daga zaure ake jin shi. Na ajiye wayar. Na bi ɗaki ina shinshinar komai kamar mage, sabulu, kananzir, daddawa, har takalmin yaro, shiru.

Zazzaɓin ya sauka tun kwana huɗu, majinar ma ta ragu. Abinci dai sai a hankali, tuwo miyar kuka gishiri kawai nake ji da zafin yaji, sauran kamar ina tauna auduga.

Laraba 25 Disamba

Buji ya rufe gari, rana ma kamar faifai. Hanci a toshe. Ba canji.

Asabar 28 Disamba

Kowa ya zama lokotoro a kaina. Inna ta sa an dafa tazargade na lulluɓa da bargo na yi surace, na ji daɗin jikina amma ƙanshin tazargaden ma ban ji ba. Maƙwabciyata ta ce in ɗiga ruwan tafarnuwa, na biye mata na ɗiga a kafa ɗaya, dan Allah kar wadda ta gwada, hawaye na yi ta yi kusan awa guda kuma wurin ya yi ɗanye. Sai mai tallan magani da ke bi ta ƙofar gida ya ba ni wani na ɗigawa a hanci dala ɗari da hamsin, da kafso ja da rawaya kati biyu dala ɗari biyu. Na ɗigawar kam minti biyar hanci ya buɗe tas, har na yi barci baki a rufe. Sai dai iska ce kawai ke wucewa, ƙanshi bai biyo ta ba.

Lahadi 5 Janairu 2025

Yau na yi asara. Na ce zama ba zai yi ba, akwai odar biki biyu kafin azumi, bari in ɗora turare ko da hannu ya saba. Na jiƙa icen sandal da hawi kilo uku tun jiya, na narka sukari na zuba ina juyawa a wuta kaɗan, sai waya ta shigo, na koma ɗaki ina magana da wata Hajiya kan kuɗin kaya. A da ko ina bayan gida hancina zai gaya min sukari ya fara kamawa, ba na ma duba agogo, to yau har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana ihu maman yara gobara kuke yi ne, na fito na tarar tsakar gida ya turnuƙe, tukunya ta zama gawayi. Na lissafa ice da madara da sukari da farce, jaka 22 suka tafi, ban sa tukunyar ba.

Abin da ya fi tsorata ni ba wannan ba ne. Da magariba maigida ya shigo kicin ya ce wa ya bar gaz a buɗe, ashe na kashe ban murɗa ya kai ƙarshe ba, ina tsaye a wurin ina yanka albasa ban ji komai ba. Shi gaz ɗin girki da gangan ake sa masa wannan warin don mutum ya farga in yana tsiyaya, to ga wadda ba ta ji fa? Ya kafa doka, ba ni ba kunna wuta sai da wani a kusa, kuma Alhamis za mu likita. Ban yi musu ba.

Alhamis 9 Janairu

Wannan zai yi tsawo, ku yi haƙuri, ina so in rubuta kafin in manta.

Mun ga lokotoron hanci da kunne da maƙogwaro bayan layin kusan awa uku. Ya leƙa da fitila ya ce ba tsiro a ciki, amma fatar ta kumbura ta yi ja, ya ce Hajiya me kike sawa? Na fito da ƴar kwalbar. Ya tambayi kwana nawa na ce 13, safe rana dare, wani lokacin har tsakar dare in na farka. Ya girgiza kai. Ya ce irin wannan maganin matse jijiyoyin jini yake yi, ba a wuce kwana biyar zuwa bakwai da shi, in aka zarce hancin sabawa yake, da maganin ya sake shi sai ya kumbura fiye da da, kai kuma ka ƙara ɗigawa, haka za a yi ta zagaye. Wato toshewar da nake fama da ita yanzu rabi ni na saye ta da kuɗina. Kafson kuma ya ce antibiyotik ne, mura bairos ke kawo ta, antibiyotik ba ruwan shi da bairos, na sha wahalar ciki ne a banza.

Na ce ko korona ce, tunda ban yi gwaji ba lokacin. Ya ce tana iya zama, tun da ta shigo Nijar a watan Maris 2020 suke ganin irin haka da yawa, amma tun kafin a san sunanta mura da mashasshara ta yau da kullum na ɗauke wa mutane jin ƙanshi, kuma jinyar duk ɗaya ce. Ya zana min a bayan ordonas: can saman kogon hanci, tsakanin idanu, akwai wani ɗan fili da bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba sosai, nan jijiyoyin jin ƙanshi suke, su ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Ciwon ya taɓa wurin. Abin da ya sanyaya min rai, ya ce waɗannan jijiyoyin suna cikin kaɗan a jikin mutum da ke sake tsirowa, sai dai a hankali, lissafin wata ake ba na kwana ba, kuma bai yi min alkawarin zai dawo duka ba. Maganar abinci ma ya warware min, harshe zaƙi da gishiri da tsami da ɗaci da ɗanɗanon nama kawai ya sani, duk sauran abin da muke kira daɗin miya ƙanshi ne ke hawa ta bayan maƙogwaro zuwa hanci. Zafin yaji kuwa wata jijiya ce daban, shi ya sa bai tafi ba.

Abin da ya ɗora ni a kai uku ne. In jefar da na ɗigawa. In riƙa wanke hanci da ruwan gishiri safe da yamma sannan in fesa wani na rage kumburi wata guda. Na ukun shi ne horar da hanci, wai wani likitan Jamus Thomas Hummel da abokan aikinsa a garin Dresden suka fito da shi a 2009, abu huɗu ake shinshina, wardi, lemun tsami, kanumfari da ganyen bishiyar turare wannan doguwa mai farin jiki, kowanne kamar sakan 20, sau biyu a rana, sati 12 aƙalla. A hankali ake shaƙa ba da ƙarfi ba, kana yi kana tuno yadda abin yake a da. Na yi dariya na ce lokotoro ai wannan kayan shagona ne.

Kuɗi: ganin lokotoro da kati jaka 3 da rabi, na fesawa a farmasi jaka 6 da dala ɗari da sittin, kabu-kabu dala ɗari biyu. Tunda yau ranar kasuwar Dole ce muka biya na sayi lemun tsami da kanumfari na dala hamsin hamsin, da sirinji babba marar allura. Wardi ina da madararsa, ganyen turare yaro ya tsinko.

Lahadi 12 Janairu

Dare uku ban yi barcin kirki ba. Tun da na bar na ɗigawa hancin ya rufe ruf kamar an liƙe da siminti, baki a buɗe nake kwana ga sanyin hunturu, in tashi maƙogwaro kamar an goga masa yashi. Jiya ƙarfe biyun dare na tashi ina laluben kwalbar, ashe maigida ya san hali ya jefa ta masai tun ranar.

Ruwan gishirin ni nake haɗawa don na farmasi tsada: lita guda na ruwa in tafasa shi sosai in bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, gishiri giram 9. Lokotoro ya ja kunnena kar in yi da ruwan da ba a tafasa ba, mu da muke sayen ruwa wurin ƴan garuwa ba ka san inda bidon ya kwana ba. In sunkuya kan roba, baki a buɗe, in tura ta kafa ɗaya ya fito ta ɗayar. Ranar farko na ƙware har yara suka taru suna kallo. Abin da ke fitowa ja ne kamar ƙasar gini, duk bujin da muke shaƙa kenan.

Juma'a 17 Janairu

Sati ɗaya da fara horo. Ƙananan kwalabe huɗu a kan taga, ɗiyata ta ja min layi a kaye tana ba ni maki bisa goma kamar madam ɗinsu. Sifiri huɗu. Hanci dai ya fara buɗewa da kansa, alhamdulillah.

Juma'a 24 Janairu

Haɓo da safe, jini ya ɓata min hijabi. Inna ta ce ɗaga kai sama, ni kuma abin da aka ce min a likita na yi, na sunkuyar da kai gaba kaɗan na matse tattausan hancin minti goma ban saki ba, in ka ɗaga kai jinin ciki yake tafiya ka haɗiye. Ya tsaya. Laifina ne, ina fesa maganin saitin bangon tsakiya alhali gefe aka ce in karkata bakin, wajen kunne, ga iskar nan ta busar da komai har leɓe ya tsage. Na huta da feshin kwana biyu, ina ɗan shafa man kaɗanya a bakin kafar kawai ba can ciki ba, in zan fita kuma takunkumi.

Juma'a 31 Janairu

Kanumfari!! Bayan sallar asuba, kamar sakan biyu, can nesa kamar ana dafa shayi a gidan da ke bayan gidan maƙwabta. Na sake shaƙa ya ɓace. Na zauna kan darduma na yi kuka na gaske. Ɗiyata ta ba ni 1, na ce ƙara min mana ta ce a'a ba magudi.

Alhamis 6 Fabrairu

Aiki ya dawo amma da sabon tsari. Na sayi ɗan sikelin giram jaka 4, na zaunar da Inna da ƙanwata muka yi kwana uku muna auna duk abin da a da nake zubawa da ido da hanci. Kajiji nawa, farce nawa, miski nawa, madara murfi nawa, wuta minti nawa. Inna ta yi ta mita, wai ita shekara 40 tana haɗa humra ba ta taɓa ganin an auna ta kamar maganin bature ba, ta ce ƴar nan turare da hanci ake yi. Na ce Inna hancin ne ya yi tafiya, kafin ya dawo sai mu ci me? Ita ke shinshinawa ta ce ƙara ko ya isa, ni ina rubutawa. A nan na gano abin kunya, ashe kwalba biyu da nake sayarwa da suna ɗaya ba su taɓa zama daidai ba.

Odar biki ɗaya ta fita lafiya. Ɗayar na mayar da kuɗin, ba zan iya biyu ba.

Lahadi 16 Fabrairu

Satin nan shi ne mafi muni tun da aka fara, ya fi lokacin da ba na jin komai.

Talata ƙanwata na soya albasa, sai na ji wani wari ya bugo ni kamar an ƙona taya an kashe da ruwan kwata. Na fito ina faɗa wa ya ƙona roba a gidan nan, kowa ya tsaya yana kallona. Daga ranar abubuwa suka yi ta juyewa ɗaya bayan ɗaya. Tafarnuwa, ƙwai, Nescafé ɗin maigida, man goge baki, duk wari guda suke min, wani ɗoyi mai zaƙi-zaƙi da ban taɓa sani ba a duniya ballantana in ba shi suna. Maigida ya shigo da kilishi a takarda don ya faranta min, na ruga bayan gida ina kakari, ya tsaya da abinsa a hannu kamar mai laifi. In mun wuce wurin masu balangu a kabu-kabu sai na toshe hanci da mayafi.

Wadda ta karya min zuciya humrata ce. Na buɗe baƙar humra, wadda ake zuwa nema tun daga Mirya da Matamaye, na ji fetur da mushe. Na san ƙarya hancina ke yi, Inna ta shinshina ta ce lafiyarta lau, amma sanin bai hana cikina juyawa ba. Wata Hajiya ta zo saye ina miƙa mata ina ɗauke numfashi, ta ce lafiya kike yamutsa fuska, ko kayan sun lalace ne? Na ce mura ce Hajiya. Ta saya amma ɗaya maimakon ukun da ta saba.

Abin da nake iya ci: fura da nono mai sanyi, farar shinkafa da ɗanyen tumatir, dabino, rake, burodi. Na lura abu mai sanyi bai cika tayar da warin ba, mai zafi da soyayye su ne masifa. Zanena ya fara yi min yawa.

Alhamis 20 Fabrairu

Randebu na biyu, jaka 2 da rabi. Na zayyana masa duka ina jiran ya ce abin ya lalace, sai ya ce wannan sananne ne, farosmiya suke ce masa, yakan zo sati ko watanni bayan ciwon, lokacin da jijiyoyin ke sake tsirowa amma ba su gama haɗuwa daidai ba, saƙon na isa rabi da rabi ƙwaƙwalwa ta karanta shi a karkace. Galibi alamar wurin na farfaɗowa ne, yana iya ɗaukar watanni. Ya ce kar in bar horon kuma kar in zauna da yunwa, in ci abin da ya shiga. Feshi ya ƙare ba sai na sake saye ba, wankin gishiri in ci gaba muddin akwai ƙura.

Alhamis 27 Fabrairu

Kanumfari 4, lemun tsami 3, ganyen turare 3, wardi 0. Albasa na nan da halinta.

Talata 4 Maris

Azumi ya kama, sai da na sake jadawali. Ko a alwala an hana mai azumi zurfafa shaƙa ruwa, to ina ga sirinji guda, don haka wanki ya koma bayan shan ruwa da kafin sahur. Kwalaben ma haka, maigida ya tambayo malam ya ce a bar su sai dare ya fi, hayaƙin turaren wuta kuwa kar ma in tsaya kansa da rana. Aikin turare ya koma bayan asham.

Ƙosai ba ya shiga, warin man kawai ya isa. Kunun tsamiya ne ya cece ni, tsamin na harshe ne ba ruwansa da hanci. Jiya saura kaɗan in sha furar da ta kwana ta lalace da sahur, ɗiyata ce ta fizge kwanon, yanzu duk abin da ya kwana sai wani ya shinshina min.

Asabar 15 Maris

Yara suka ce ƙila ido ke taimakona, suka ɗaure min fuska da ɗankwali suna miƙo kwalabe a hargitse, har da ta ruwa zalla don tarko. Sau goma, na ci bakwai. Amma in faɗi gaskiya ganyen turare ta sanyin da yake sawa nake gane shi, kanumfari kuma yana ɗan cizo, waɗannan biyun jijiyar yaji na sa hannu a ciki. Wardi ne alƙali don shi ba sanyi ba zafi, ƙanshi ne zalla, kuma sau biyu na ce masa ruwa. Na ukun na ji wani abu kamar tsohuwar takarda mai zaƙi, na ce wardi? suka yi tafi.

Litinin 24 Maris

Odar sallah ta yi yawa, kwana huɗu ban taɓa kwalaben ba, ba zan ɓoye ba. Mun fitar da kilo 9 na turare da humra 30, duk da sikeli da agogon waya da hancin Inna, ba wadda ta dawo da kaya. Na mayar da jaka 22 ɗin nan har da ƙari.

Juma'a 4 Afrilu

Sati 12 cif yau. Maki: kanumfari 7, lemun tsami 6, ganyen turare 6, wardi 3. Gaz ina jin shi yanzu in na matsa kusa, na gwada maigida na tsaye. Ƙauri ma ina ji amma sai ya yi nisa, don haka dokar wuta na nan. Ƙwai ya gyaru, man goge baki ya gyaru, Nescafé da soyayyar albasa ba su ba, naman sallah dafaffe na ci soyayye na bari. Baƙar humra fetur ɗin ya ragu, ƙarƙashinsa ina jiyo sandal kaɗan, farar kuwa kusan yadda na san ta.

Duk abin da jinyar ta ci, in an cire asarar turare, jaka 20 da ƴan kai har da sikeli da maganin banzan nan.

Lokotoro ya ce in ci gaba ko zuwa wata shida ne ko fiye, kuma bayan sati 12 ana canza kayan don hanci ya samu sabon aiki. Daga gobe citta, na'ana'a, ɓawon lemun zaƙi da kajiji, wardi kuma zan bar shi na biyar tunda shi ne ya ƙi. Randebu na gaba farkon Yuni. Zafi ya fara, ruwa ya yi tsada, lita guda ta wanki zan rage zuwa rabi, sau ɗaya da dare.